Tafintar Sunusi

Tiga, Litinin 4 ga Agusta, 1975. Da hantsi.

Wannan littafi na saye shi ne a Kano don in riƙa rubuta lambobin kayan inji. Shafi uku na cika, sauran fari fat. Bari in yi wani amfanin da shi.

Yau kwana goma sha uku da kai matata Kulsumu asibitin birni. Gwaggo Asibi, ƙanwar mahaifina, ta taso daga Kiru ta zauna mana da yaran biyu. Idonta ya yi rauni, da hannu take neman ludayi.

Da safen nan Sunusi ya tsaya tsakar gida yana cewa "bu, bu". Na ɗebo masa ruwa a moɗa, ya ture. Gwaggo ta miƙa masa koko, ya ture. Yayarsa tana can gindin zogale tana gina ɗaki da jiƙaƙƙiyar ƙasa, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Ba na sha yake so ba. Na wasa. Na sha 'mam' ne." Aka zuba masa a tasa, ya tsoma ƙafa biyu, ya yi shiru kamar liman.

Shekararsa biyu da wata biyu. Ita huɗu da rabi. Ni Shitu talatin da ɗaya, na yi aji uku a sakandare, na haɗa injin niƙa da hannuna daga tarkacen da 'yan kwangilar dam suka zubar, ina karanta takardar inji da Turanci ba mai taya ni. Amma a cikin gidana sai da tafinta.

Laraba 6 ga Agusta. Bayan azahar.

Ba zan rubuta sunanta na yanka ba, ko a nan. 'Yar fari ce. Mahaifina bai taɓa kiran sunan yayana ba har ya koma ga Allah, ban kuma ga abin da ya rage shi da shi ba. Mutane suna ce mata Baturiya saboda haskenta. Ni ko wannan sai dai in ji a bakinsu.

Ban taɓa ɗaukarta a gaban kowa ba. In ina so in yi mata magana, bango nake faɗa wa. Yau na ce, "A gaya wa mutanen nan su bar bakin rijiya." Ta ce, "Mutanen nan sun ji, Malam." Malam take ce mini, yadda uwarta take cewa, har da jan muryar.

Gwaggo ta yi dariya sai da ta yi tari.

Juma'a 8 ga Agusta. Da magariba.

Na je asibiti. Na dawo. An canza mata gado, yanzu tana kusa da taga.

Lahadi 10 ga Agusta. Da la'asar.

Kawu Inuwa, babban gidanmu, ya zo a kan kekensa, ya zauna a zaure, ya yi gaisuwa mai tsawo. Ya tambayi inji, ya tambayi damina, ya yi maganar sabuwar gwamnati. Da ya fara kaɗe ƙurar da babu a kan rigarsa na san akwai magana.

Surukata Iya Saude ta aiko daga Doguwa. Tun ranar yaye aka ba ta yarinyar, Kulsumu ce ta yi ta roƙo a bar mata ita ta ƙara wayo. Yanzu Iya ta ce lokaci ya yi, kuma Gwaggo ba za ta iya da biyu ba. A kai ta kafin azumi.

Na ce, "Shi fa?"

Ya ce, "Shi namiji ne, a gidan ubansa zai zauna. Ko so kake a ce dangin mata sun kwashe maka gida kana tsaye?"

Na ce to. Me uba zai ce a kan 'yar fari? In na buɗe baki, kafin Kawu ya isa Kiru labari ya riga shi.

Saura kwana ashirin da 'yan kai.

Litinin 11 ga Agusta. Bayan asuba.

Na yanke shawara. Wanda ya koyi inji ba malami, zai koyi yaron shekara biyu. Zan rubuta duk kalmar da ya faɗa da fassarar da take yi, kafin ta tafi.

Bu, ruwan wasa.
Mam, ruwan sha, da koko, da fura.
Ƙuƙu, inji. Da babur ɗina. Da ni ma, wani lokaci.
Dau, a ɗauke shi.
Ce-ce, takalmi, nasa ko na kowa.
Me, rago.

Talata 12 ga Agusta. Da hantsi.

Ya koyi tsallake dokin ƙofa. Da can kwanciya yake yi a kai ya mirgina. Yau ya riƙe bango, ya ɗaga ƙafar dama, ya tsaya a haka yana tunani kamar wanda zai shiga kwalekwale. Ita tana ɗaya gefen ta buɗe hannu tana cewa, "Taho, angona, taho, ba kada a ciki." Ya tsallaka. Ya koma. Ya sake. Na ƙirga sau goma sha tara, mata uku suna jirana a bakin inji da dawarsu.

Gwaggo ta ce, "Kai Shitu, me kake rubutawa kana leƙen yara kamar ɗan sanda?"

Na ce lambobin kayan inji ne.

Ta ce, "Injin nan ya iya cewa 'mam' ke nan."

Ashe kunnenta bai yi rauni ba.

Alhamis 14 ga Agusta. Da la'asar.

Na rufe inji da wuri na tafi bakin ruwa. Ya ƙara cika. Bara ana hango rassan kukar da ke ƙofar gidanmu na tsohon garin da dam ya cinye, bana sai kanta kawai, belbelu sun sauka a kai sun yi fari. Na zauna ina aunawa da ido: nan zaure, nan rumbu, nan ɗakin da aka haifi yarinyar. Iska ta kaɗa ruwan, sai duk gidan ya motsa. Na ga kamar in na daɗe ina kallo zan ga hayaƙin murhu yana fitowa daga ƙasa.

Da na dawo na same ta tana ba Sunusi labari. Wai akwai gidanmu na cikin ruwa, kifaye suna kwana a kan gadon Inna, tarwaɗa ce take shara da gashin bakinta. Wai Inna ta je can ne ta kwaso tukwanenta. Shi yana zaune ya buɗe baki, yawu na zuba.

Ba wanda ya gaya mata haka. Ba wanda ya gaya mata komai.

Juma'a 15 ga Agusta. Da magariba.

Na kai wa Kulsumu lemo. Na ɓare, na ajiye. Yana nan a ajiye da na taso.

Asabar 16 ga Agusta. Da hantsi.

Ragon sunan yana ɗaure har yau a inda na ɗaure shi tun watan jiya. Ya yi ƙiba. Sunusi yana kai masa harawa tsinke ɗaya-ɗaya, yana cewa "me, ci". Kalma biyu a haɗe. Wannan ne karon farko. Na rubuta, na ja layi a ƙasa.

Sai ita ta ce, "Gwaggo, yaushe za a yi sunan?"

Gwaggo ta ce, "Zo ki tsince mini shinkafar nan, idona ba ya gani."

"Ai an ɗinka masa 'yar riga. Na gan ta a cikin kwalla."

"Na ce ki zo, uwar surutu."

Jaririn bai zo da rai ba, ba wanda ya gaya mata. Bayan azahar na kwance ragon na ja shi gidan liman. Bai tambaye ni komai ba, Allah ya saka masa.

Litinin 18 ga Agusta. Bayan azahar.

Ta iya ƙirga har goma, amma ba ta yarda da bakwai ba. Daga shida sai takwas. Gwaggo ta gyara mata, ta ce ita ba ta son sa.

Tana koyon goyo. Ta durƙusa, shi ya hau, ta ja tsohon zanen uwarta ta ɗaure a ƙirji. Ƙafafunsa suna jan ƙasa. Suka yi taku biyar suka zube tare. Ba wanda ya yi kuka, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara.

Sababbi: Gogo, Gwaggo. Wuu, wuta, da rana, da barkono. Tafi, ya faɗe ta daidai, da fi ɗinta da komai.

Laraba 20 ga Agusta. Da la'asar.

Ruwa tun safe. Ba wanda ya kawo niƙa. Na kishingiɗa a kan buhuna, ƙarar kwano ta ɗauke ni. Na ga ina tuƙa babur a kan titin tsohon gari, ruwa ya rufe ni amma ina numfashi. Kulsumu tana bakin ƙofa tana tankaɗe, garin yana tashi sama maimakon ya sauka. Ta yi mini magana, kumfa ce ta fito. Na waiga ina neman wanda zai fassara mini.

Na farka bel ɗin inji yana ɗiga.

Kwanon nan ni na saya, ni na hau na buga. A layinmu gida biyu ne masu kwano.

Juma'a 22 ga Agusta. Da magariba.

Likita ya kira ni ofishinsa. Ya yi magana da Turanci, na gane duka. Da ma ban gane ba.

Za ta yi watanni a can, in ji shi. Bai ce nawa ba.

Lahadi 24 ga Agusta. Da magariba.

Gwaggo ta tafi biki Bebeji da yarinyar, wai ta riƙa nuna mata hanya. Na ce a bar mini Sunusi. Na ce a raina yau zan gwada littafin, tunda haka za mu zauna nan gaba.

Da farko lafiya. Ya ce ce-ce, na sa masa takalmi. Ya ce dau, na ɗauka. Na ji kaina ya yi girma.

Da rana ta ɗaga ya ce "luwa". Na duba, babu. Na buɗe shafi na gaba, babu. Sai da ya ja ni bakin randa na gane. Ashe bu da mam sun mutu tun shekaranjiya, ba wanda ya sanar da ni. Ita ce take zama da shi tana cewa "ru-wa, ru-wa", tana riƙe masa haɓa. Ina rubutawa suna gogewa a bayana.

Bayan nan ya fara zagaye. Ya leƙa ɗakin Gwaggo. Ya leƙa bayan randa, inda take ɓuya in suna wasa. Ya ɗaga faifai. Ya tsallake dokin ƙofa ya tsaya, ba kowa a ɗaya gefen, ya dawo. Ya faɗi wata magana mai tsawo, da tambaya a ƙarshenta, yana kallona. Na ba shi ruwa. Na ba shi ƙuli-ƙuli. Na tayar masa da babur. Ya sake faɗa, ya sake, har muryarsa ta dushe.

Daga nan bai ƙara cewa komai ba. Bai yi kuka ba, da ya yi da na fi so. Ya zauna a gindin zogale, cikin rusasshen ɗakin ƙasarta, ya ƙi tuwo, ya ƙi fura. Daga azahar har rana ta yi ja.

Da suka shigo ya tashi ya je ya kai mata duka a ciki, sannan ya cusa kansa cikin zanenta. Ta ce, "Ai na dawo, sarkin rigima." Ya yi mata waccan doguwar maganar. Ta ce, "Yana ƙarƙashin tabarma." Ta ɗaga, ta ciro wani murfin kwalba da ya lanƙwashe.

Ko bakinsa ba ta kalla ba. Na lura.

Wuni ɗaya ke nan.

Litinin 25 ga Agusta. Da hantsi.

Ban rubuta kalma ba yau.

Laraba 27 ga Agusta. Bayan azahar.

Gwaggo ta fara haɗa mata kaya a ƙaramar kwalla. Zane biyu, 'yar tsanarta ta totuwar masara da take koyon kitso a kai. Yarinyar tana murna, wai za ta shiga mota. Ta je ta kwaso takalmin Sunusi ta sa a ciki. Gwaggo ta cire. Ta mayar. Gwaggo ta cire.

"Gwaggo, da me zai taka in mun je?"

Gwaggo ta juyo wajena da idon nan nata da ba ya gani, ta daɗe.

Na ce a gaya wa mutanen nan ana kirana a inji.

Juma'a 29 ga Agusta. Da magariba.

Yau Kulsumu ta yi magana. Ina naɗe tabarmar da nake zama a kai zan taso, ba ta juyo daga taga ba, ta ce, "Malam, suna tare?"

Na ce suna tare.

Ta lumshe ido. Nas ta ce tun da aka kawo ta ba ta yi barcin rana irin wannan ba.

A mota na yi ta kallon gero yana wucewa. Ban yi ƙarya ba. Yau Juma'a, ban yi ƙarya ba.

Asabar 30 ga Agusta. Da la'asar.

Na je Kiru wajen Kawu. Na ce in dai sai ta tafi, su tafi su biyu.

Ya cire hula, ya duba cikinta, ya mayar.

"Shitu, ashe bokon nan ya taɓa ka. Ɗa namiji guda ɗaya, ka ɗauka ka kai wa dangin mace? Kai da ka ƙi karɓar ko azara ɗaya daga hannuna lokacin da aka tashe mu, ka ce kai za ka gina naka?"

Na ce haka ne, Kawu.

"To me za a ce? Za a ce mai inji ya kasa ciyar da yaro ɗaya."

Na ce za a ce.

"Ko dai ita kake wa? Faɗi gaskiya, ba kowa a nan. 'Yar farin ce ba ka so ta yi kewa?"

Na ce ni ban san wata 'yar fari ba. Yaron ne ba ya cin abinci.

Ya daɗe yana kallona. Ya ce shi ba zai kai wannan saƙo ba, bakinsa ba zai iya ba. In ina so, in je da ƙafata in faɗa wa surukata ido da ido. Ya faɗi haka ne don ya san ba zan iya ba. Shekara shida ban taɓa haɗa ido da ita ba. In na hango ta a hanya, gona nake shiga.

Litinin 1 ga Satumba. Da magariba.

Na tashi da asuba a kan babur. Tudun Wada, sannan daji. Birai a bakin titi suna kallona kamar sun san abin da ya fito da ni. Duwatsu sun sha hazo, ana ganinsu ana rasa su. Sau biyu na tsaya zan juya. Na duba fulogi, lafiyarsa ƙalau.

Na cire takalmi tun daga waje. Na durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta, tana ciki bayan asabari, ƙafafunta kawai nake gani da carbi. Na yi gaisuwa, na ƙara, na sake ƙarawa, har gaisuwa ta ƙare mini.

Ta ce, "Lafiya dai? Ko jikin ne?"

Na ce jiki da sauƙi. Na ce, "Iya, roƙo na zo yi."

Carbin ya tsaya.

"Ikon Allah. Kai da aka ce ko wuta matarka ba ta ɗebowa a maƙwabta, sai dai ka sayo ashana?"

Na ce ni ne.

Na faɗa mata. Ban san yadda na faɗa ba, ƙasa nake kallo, wata tururuwa tana jan ƙwayar dawa. Na ba ta labarin ranar Lahadi, har da murfin kwalba. Na ce ita ta Iya ce, ba ni da ta cewa. Amma shi ba ya jin kowa sai ita, ba mai jin sa sai ita. In za ta karɓi ɗaya, ta taimake ni ta karɓi biyu.

Ta ce, "Danginka sun sani?"

Na ce sun sani.

"Ka san in na karɓe shi ba na mayarwa, sai ranar da uwarsa ta zo da ƙafarta ta ɗauka. Ba zan yi renon wata guda ka aiko a ƙwace ba."

Na ce na yarda.

Sai na ji tana jan hanci. Ta ce, "Tashi ka ci abinci, ɗan nan. Gwiwarka ba ta saba ba, kada ta karye mini a ƙofa."

Laraba 3 ga Satumba. Bayan azahar.

Magana ta zaga. Wata mai kawo niƙa ta ce da 'yar'uwarta, da ƙarfi don ta fi ƙarar inji, "Allah sarki, ashe abin ya kai haka." Na niƙa mata dawarta da laushi.

Gwaggo ta mayar da takalmin cikin kwalla da kanta. Ta ce ita ma jibi za ta koma Kiru, ba za ta zauna gadin kwano ba.

Sunusi ya sha ruwa a moɗa da hannu ɗaya, bai zubar ba. Ya duba ko an gani. An gani.

Alhamis 4 ga Satumba. Da magariba.

Na kai su. Motar kasuwa muka shiga, Gwaggo a gaba da su, ni a baya kan buhuna. Ta cikin 'yar tagar ina jin yarinyar tana nuna masa duniya: "Ga saniya. Ce saniya. Ga dutse. Wancan biri ne, kada ka gaishe shi." Shi yana maimaita wutsiyar kowace kalma. A dajin ya yi barci, ita ta ci gaba da faɗa wa kanta.

Iya ta shimfiɗa musu tabarma ɗaya. Ban zauna ba, na ce direba yana jira. Na gaida asabari, na sa takalmi, na fito.

Na kai bakin lungu na ji muryarsa. Ya biyo ni har zaure, ya riƙe bango, yana ɗaga murya da wata doguwar magana da ban taɓa ji ba. Ban juya ba. Akwai mutane zaune a dakali, sun san ko ni wane ne. Littafin yana aljihuna, na san babu ita a ciki.

Sai yarinyar ta fito ta tsaya kusa da shi, ta sa hannu biyu a baki, a gaban kowa:

"Malam! Cewa ya yi in za ka dawo ka zo da rake!"

Na dakali suka yi dariya. Na ɗaga hannu sama, ban waiga ba, na sha kwana.

Juma'a 5 ga Satumba. Bayan asuba.

Rake bai isa sara ba sai an kwashe amfanin gona. Amma an ce akwai wani mai fadama a bayan Tudun Wada da nasa yake riga na kowa. Daga asibiti can zan wuce.